Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ƙwaƙwalwar Kwamfuta Ke Gyara Kuskurenta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar kwamfuta a Zariya. A ofishin da nake sanin makamar aiki an sayo ram, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai, domin babbar kwamfutar da ake kira saba, na ga an rubuta ECC a jikinsa, kuma kuɗinsa ya fi na wanda muke sa wa kwamfutocinmu. Da na yi tambaya aka ce wai yana gyara kuskure da kansa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me zai sa abin da aka ajiye ya canza ba tare da kowa ya taɓa shi ba, kuma ta yaya na'ura za ta gyara abin da ba ta riƙe da kwafinsa na asali?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Abin da aka gaya maka gaskiya ne. Ram ɗin kwamfuta, wanda ake kira DRAM, yana ajiye kowane bit, wato sifiri ko ɗaya, a cikin ɗan mitsitsin gurbi mai riƙe cajin lantarki. Cajin nan bai taka kara ya karya ba, kuma kullum cikin tsiyaya yake, shi ya sa dole na'urar ta bi guraben duka tana sabunta su cikin kowane milisakan 64, a samfurin DDR5 kuwa cikin 32. Duk abin da zai ƙara wa gurbi caji ko ya rage masa fiye da kima, to ya isa ya mayar da sifiri ɗaya, ko ɗaya sifiri.

A 1978 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Intel, Timothy May da Murray Woods, suka gano cewa burbushin yuraniyom da toriyom da ke cikin kayan da ake rufe cip, wato ɗan guntun da guraben ke ciki, da su suna fitar da ƙwayoyin alfa, waɗanda idan suka ratsa gurbi sai su juya abin da ke cikinsa. Shekara guda bayan haka James Ziegler na IBM da abokin aikinsa William Lanford suka nuna cewa ƙwayoyin da ke faɗowa daga sararin samaniya ma suna yin wannan ɓarna, kuma ɓarnar tana ƙaruwa gwargwadon yadda aka yi sama, ta yadda kwamfutar da ke kan tsauni ko cikin jirgin sama ta fi wadda ke bakin teku shan duka. A zaɓen ƙasar Beljiyam na 2003, a garin Schaerbeek, na'urar ƙidaya ta ƙara wa wata 'yar takara ƙuri'a 4,096 da ba ta samu ba. Kai da ke karatun kwamfuta ka san cewa 4,096 shi ne 2 a ninka shi da kansa sau 12, wato daidai abin da bit guda zai haifar idan ya juya, kuma bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi ke nan.

Yadda ake gyara ba tare da kwafi ba kuwa, asalinsa yana wurin Richard Hamming, masanin lissafi a Bell Labs da ke Amurka. A wajejen 1947 yakan bar wa na'urar lissafi aiki ranar Juma'a, ya dawo Litinin ya tarar ta ci karo da kuskure tun da wuri, ta jingine aikinsa ta kama na wani. Na'urar tana gane cewa akwai kuskure, domin tana amfani da wata dabarar bincike, amma ba ta san inda yake ba. Mafi sauƙin irin wannan bincike shi ne a ƙara bit guda a kan kowane rukuni, domin adadin ɗaya-ɗayan da ke rukunin ya zama mai rabuwa gida biyu daidai. Idan aka zo karantawa aka tarar bai rabu daidai ba, an san wani abu ya juya. Kwamfutar IBM PC ta 1981 da wannan tsari ta fito, bit tara a madadin takwas, kuma iyakar abin da take yi idan ta ga kuskure shi ne ta tsaya cak.

Abin da Hamming ya wallafa a 1950 shi ne a yi bincike fiye da ɗaya, kowane a kan rukuni dabam, rukunan kuma su riƙa shiga cikin juna. Ɗauki gurabe bakwai ka ba su lamba 1 zuwa 7. Gurbi na 1 da na 2 da na 4 na bincike ne, sauran huɗun kuma su ne ke ɗauke da bayanin. Mai bincike na 1 yana lura da gurabe 1, 3, 5 da 7. Na 2 yana lura da 2, 3, 6 da 7. Na 4 kuma yana lura da 4, 5, 6 da 7. A ce bit ɗin da ke gurbi na 6 ya juya. Mai bincike na 1 ba zai ga komai ba, tun da 6 ba ya cikin rukuninsa, amma na 2 da na 4 za su nuna cewa lissafinsu bai fita ba. Haɗa 2 da 4, ka sami 6. Da zarar an san gurbin an gama, domin abu biyu kawai bit zai iya zama, sai a juya shi ya koma yadda yake. Ka ga ke nan ba a buƙatar kwafi. Abin da ake buƙata shi ne adireshin kuskuren, kuma binciken da ya gaza shi ke rubuta adireshin.

Daɗin wannan lissafi shi ne yana ƙara araha idan rukuni ya girma. Bit 4 na buƙatar masu bincike 3, amma bit 64 masu bincike 7 sun ishe su. Ana ƙara guda ɗaya a kai ya zama 8, domin idan bit biyu suka juya a tare na'urar ta gane cewa abin ya fi ƙarfinta ta kai ƙara, maimakon ta je ta ɓata bit na uku da sunan gyara. Wannan shi ne tsarin bit 72 da aka daɗe ana amfani da shi, mai gyara kuskure ɗaya ya kuma gano biyu, wanda M. Y. Hsiao na IBM ya sake wa fasali a 1970 yadda da'irar lantarkinsa za ta fi sauri da ƙarancin kaya. Idan ram ɗin da aka sayo muku DDR4 ne, ƙirga cip ɗin da ke jikinsa: inda na gama-gari ke da takwas, shi za ka ga tara, ko goma sha takwas inda ake sa ran goma sha shida. Wani ɓangare na ƙarin kuɗin nan ya tafi.

Sai dai tsarin gyara ɗaya a gano biyu an gina shi ne bisa zaton cewa kuskure yana faɗowa jefi-jefi, nan ɗaya can ɗaya, ba tare da wani ya shafi wani ba. A 2009 Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto tare da Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber na Google suka fitar da sakamakon bibiyar da suka yi wa sabobin Google na tsawon shekara biyu da rabi. Sun tarar fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram suna yin kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara, kusan kashi ɗaya bisa uku na kwamfutocin kuma abin yana shafar su. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne yawancin kurakuran ba na wucin gadi ba ne irin na ƙwayoyin sararin samaniya. Lalacewa ce ta zahiri a jikin cip, shi ya sa sandar da ta yi kuskure yau ita ce ta fi kusa da sake yi gobe. Labarin sararin samaniya ya fi daɗin ji, amma injiniya ba a kan daɗin labari yake tsara kariya ba. Lalacewar jiki kuwa ba ta tsayawa kan bit guda: layi sukutum yakan tafi, wani lokaci cip ɗin gaba ɗaya.

Daga nan za ka fahimci hanyar da ingantawar ta bi. Tun a 1997 IBM ta bayyana tsarin da ta kira Chipkill, wanda ke jure mutuwar cip guda baki ɗaya. Ana yin haka ko dai ta rarraba bit ɗin kowane cip zuwa rukunan bincike dabam-dabam, ko kuma ta amfani da lissafin da ke ɗaukar bit huɗu ko takwas na cip ɗaya a matsayin harafi guda, irin na Irving Reed da Gustave Solomon na 1960, wanda shi ne ke sa faifan CD da ya ɗan karce ya ci gaba da yi. Aka ƙara da sintiri, wato na'urar ta riƙa zagaya ƙwaƙwalwar a hankali tana karantawa tana gyarawa, domin kada kuskure ɗaya ya kwanta har na biyu ya zo ya same shi a rukuni guda. Aka kuma koya wa manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ta daina amfani da shafin da kuskurensa ya yawaita. Wannan na ƙarshe shi zan so ka riƙe a wurin aikinka: saba mai ECC tana rubuta kowane gyara da ta yi, kuma mai kula da ita da ba ya duba wannan rajista ya yi asarar rabin abin da ofishinsa ya biya kuɗi dominsa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da shagon sayar da kayan kwamfuta a Kano. Yanzu ram na DDR5 da muke kawowa ana cewa dukkansu suna da ECC a ciki. Wani mai saye da ke son haɗa kwamfutar ajiye bayanan asibitinsu ya tambaye ni ko wannan ya wadatar. Me zan ce masa, don kada in shiga hakkinsa?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka, kuma ka kyauta da ka tambaya kafin ka amsa masa. Ka ce masa bai wadatar ba. Gaskiya ne cewa ƙa'idar DDR5 da ƙungiyar JEDEC, mai tsara ƙa'idojin irin waɗannan kayan lantarki, ta fitar a 2020 ta wajabta wa kowane cip ya ɗauki gyaran kuskure a cikinsa, bit 8 na bincike a kan kowane bit 128, mai gyara kuskure guda. Amma dalilin sa shi ba don a kyautata wa mai saye ba ne. Guraben sun ƙanƙance har ta kai masana'anta ba za su iya fitar da cip masu yawa da kowane gurbinsu lafiyayye ne ba, saboda haka aka sa gyara a ciki domin cip mai ɗan rauni nan da can ya yi aiki kamar lafiyayye. Wato gyaran yana cike giɓin da ƙanƙancewar ta buɗe ne.

Abu biyu ne wannan gyara na ciki ba ya yi. Na farko, aikinsa yana ƙarewa a bakin cip; bit ɗin bincikensa ba sa raka bayanin a kan hanyarsa zuwa furosesa, wato babban cip ɗin da ke yi wa kwamfuta lissafi, alhali a cikakken ECC furosesa ce ke lissafa bit ɗin binciken lokacin rubutawa, ta sake lissafa su lokacin karantawa, ta yadda duk abin da ya faru a tsakani, a cikin cip ne ko a kan hanya, zai bayyana. Na biyu, a kwamfutocin gama-gari yana gyaransa ne shiru, mai kwamfutar ba ya samun labari, kuma idan bit biyu suka juya a rukuni ɗaya yana iya miƙa gurɓataccen bayani, har ma ya juya na uku bisa kuskure. Ga mai kallon fim ko mai buga takarda wannan ba abin damuwa ba ne sosai. Ga wanda zai ajiye sakamakon gwajin marasa lafiya da ma'aunin magani kuwa, kuskuren da aka yi shiru da shi ya fi kwamfutar da ta tsaya haɗari, domin gurɓataccen bayanin zai sauka a ma'ajiya, daga nan ya shiga kwafin ajiya, kowa yana ɗaukarsa daidai.

Sandar DDR5 mai cikakken ECC tana da ƙarin cip, kuma a bayaninta za ka ga faɗin bit 72 ko 80 a madadin 64. Sandar kaɗai ba ta isa ba, sai furosesa da babban allon kwamfutar sun yarda da ita. A ɓangaren Intel misalin wannan shi ne Xeon, ko wasu daga cikin Core na ƙarni na 12 zuwa na 14 a kan allo mai W680. A ɓangaren AMD da yawa daga cikin Ryzen suna iyawa idan mai ƙera allon ya buɗe hanyar, abin da dole a duba a takardar allon. Wannan rarrabewa da ta mayar da ECC kayan manya ta daɗe tana ba masana haushi, har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fito a farkon 2021 ya ɗora wa Intel laifin hana shi yaɗuwa a kwamfutocin gida. Ina ganin yana da hujja.

Kada kuma ka yi masa alkawarin cewa ECC ba ya faɗuwa. A 2014 masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon da Intel suka nuna cewa idan aka yi ta buɗe layi ɗaya na DRAM da sauri sau dubbai, caji yana zubewa daga layukan da ke maƙwabtaka da shi har bit su juya, abin da aka sa wa suna Rowhammer. A 2018 wata tawaga a jami'ar Vrije da ke Amsterdam ta nuna cewa mai kutse da ya iya juya bit uku a rukuni guda zai iya wuce tsarin gyara ɗaya a gano biyu ba tare da an farga ba. ECC yana wahalar da irin wannan hari ƙwarai, amma bai rufe ƙofarsa ba.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa daga Maraɗi. Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna, kuma nakan zuba aikin da na gama a filash in ajiye a durowa. Kwanan nan na ɗauko wani da ya yi kamar shekara uku, wasu hotunan suka ƙi buɗewa, wasu kuma rabinsu ya koma toka-toka. Ƙanena ya ce ai filash ma yana da gyaran kuskure. In haka ne, me ya faru da nawa?

Amsa: Malama, muna amsawa, kuma Allah ya mayar da alheri. Ƙanenki ya yi gaskiya, hasali ma filash da memorin waya da SSD, wato ma'ajiyar kwamfuta da aka yi da cip ɗin filash, sun fi ram dogaro da gyaran kuskure nesa ba kusa ba. Babu filash na zamani da za a karanta shi kai tsaye a sami bayani tsab. Kowane karatu sai ɗan cip ɗin da ke sarrafa shi ya gyara kurakurai kafin ya miƙo miki hoton.

Dalili shi ne yadda aka yi ta cusa bayani a gurbi guda domin a rage farashi. Filash na farko, irin NAND da Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a Toshiba a shekarun 1980, bit ɗaya yake ajiyewa a gurbi, mataki biyu ke nan. Daga baya aka koma bit biyu mai mataki 4, sai uku mai mataki 8, yanzu har huɗu mai mataki 16. Kamar kwanon awo ne: idan tambayar ita ce cike yake ko babu komai, ko an ɗan zubar ba za a ruɗe ba, amma idan aka yi masa zane goma sha shida aka ce a faɗi wanda hatsin ya tsaya a kai, ɗan girgiza kaɗan ya isa ya canza amsa. Cajin da ke gurbin filash kuwa yana zurarewa a hankali ko da an cire shi daga na'ura, zafi yana hanzarta zurarewar, kuma gurbin da aka sha gogewa ana sake rubutawa ya fi saurin saki.

Gyaran ya yi ta bin wannan matsala a baya. A farko lissafin Hamming ya isa, bit ɗaya a cikin bayit 512 (bayit ɗaya bit takwas ne). Sai aka koma lissafin BCH na Hocquenghem da Bose da Ray-Chaudhuri, na 1959 da 1960, wanda ke gyara gomman bit a cikin kilobayit guda. Da shi ma ya kusa gazawa, masu ƙera SSD suka ɗauko LDPC, wanda Robert Gallager ya rubuta a kundin digirinsa na uku a MIT a 1960, aka yi watsi da shi fiye da shekara talatin saboda na'urorin lokacin ba za su iya ɗaukar nauyin lissafinsa ba, sai a tsakiyar shekarun 1990 David MacKay da Radford Neal suka sake tono shi. Fifikonsa shi ne ba ya tsayawa kan cewa wannan sifiri ne ko ɗaya; idan karatun farko ya gaza, na'urar takan sake karanta guraben tana ɗan gusar da ma'aunin wutar, domin ta san waɗanne bit take da yaƙini a kansu, waɗanne kuma take kokwanto, sannan lissafin ya jingina da tabbatattun ya warware masu rauni. Shi ya sa tsohon fayil wani lokaci yakan yi nauyin buɗewa.

Kowane lissafi yana da iyakar abin da zai iya gyarawa, kuma filash ɗin da ke durowa ba shi da wutar da zai yi sintiri ya sake rubuta guraben da suka fara rauni, don haka kurakurai suna taruwa har su haura iyakar. Ƙa'idar JEDEC ta SSD na gama-gari ta ce wanda ya cinye adadin rubutun da aka ƙayyade masa ya riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Sabo yakan wuce haka sosai, amma ke kin san abin da ɗaki ke zama a Maraɗi a watan Afrilu da Mayu, kuma ƙaramin filash na kasuwa yawanci da cip mafi araha da mai sarrafawa mafi sauƙi ake haɗa shi. Akwai kuma na jabu, wanda ake rubuta masa girman da bai kai ba, yana karɓar fayil alhali babu inda yake ajiye shi. Manhajar H2testw tana tona asirin irinsa idan aka gwada shi tun yana sabo.

Yanzu kada ki rubuta komai a kan wannan filash, kuma kada ki yarda idan kwamfuta ta nemi ki goge shi ta sake tsara shi. Ki kwashe duk abin da ya buɗe zuwa wani wuri, sannan ki sa mai gyara ya kwafe filash ɗin gaba ɗaya, bit bayan bit, zuwa faifai ya yi ƙoƙarin ceto daga kwafin, da manhaja irin PhotoRec. Hotunan da rabinsu ya koma toka da wuya su dawo cikakku. Aikin da ke gaba kuwa ki riƙa ajiye shi a wuri biyu masu bambancin iri, misali faifan ajiya mai juyawa da kuma ma'ajiyar intanet, filash ya zama na kai wa masu biki hotunansu, kuma duk wanda kika ajiye na dogon lokaci ki riƙa kwafe abin da ke cikinsa kina sake zubawa aƙalla sau ɗaya a shekara.